AMSAR WASIƘUNKU: "An ce in koma gida sai annoba ta lafa"

 

Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani ƙauye a ƙasar Rogo, can wajen iyaka da Jihar Kaduna. Mai wasiƙar manomin rake ne da masara, ya kuwa roƙe mu kada mu ambaci sunansa, don larurar tasa ta sirri ce. To mun ji, Malam, asirinka a rufe yake. Ga abin da ya ce bayan gaisuwa:

"Ina da ciwon ƙaba a matse-matsina na dama. A shekarar 2020 likita ya duba ni ya ce sai an yi aiki, har aka sa mani rana. Na sayar da masara na haɗa kuɗi, ƙanena ya raka ni don ko za a nemi jini. Da muka isa sai aka ce an dakatar da irin wannan aiki saboda korona, in koma gida sai abin ya lafa. Ni kuwa ban ga mai korona ko ɗaya a garinmu ba. Na yi fushi, na rantse ba zan sake zuwa ba, kuɗin ma suka tafi a taki. Yanzu abin ya ƙara girma, in na ɗauki dami sai na zauna na mayar da shi da hannu. Shin gaskiya aka gaya mani, ko kuwa don ba ni da kowa ne?"

To Malam, sannu, Allah ya ba da lafiya. Ban ga laifinka ba da ka ji haushi. Mutum ya sayar da abincin gidansa, ya biya kuɗin mota na mutum biyu, ya kwana da fargabar wuƙa, sa'an nan a sallame shi da magana ɗaya daga bakin taga, ai dole ransa ya ɓaci. Amma gaskiya aka gaya maka. Abin da aka rage ka da shi bayani ne, shi kuma zan yi maka yanzu.

Likitoci sun kasa tiyata gida uku. Akwai wadda in ba a yi ta yau ba gobe sai jana'iza: mace mai naƙuda da haihuwa ta gagara, hanjin da taifot ta huda, afendis da ya yi ruwa, wanda mota ta buge yana zubar da jini a ciki. Akwai wadda za ta iya jiran makonni kaɗan amma ba watanni ba, kamar ƙullutun ciwon daji a mama. Sai ta uku, wadda ake sa wa rana cikin natsuwa: gwaiwar ruwa, yanar ido, maƙoƙon da bai hana numfashi ba, da ƙaba irin taka wadda take komawa ciki in an kwanta. In annoba ta sauka, wannan kashi na uku shi ake fara ɗagawa. Kai manomi ne, ka san in hadari ya haɗo ana da masussuka a fili, ba a tsayawa gyaran danga. Dangar ma tana bukatar gyara, amma ita za ta kai gobe.

Za ka ce, to me ya haɗa ƙabata da mai tari? Abin da ya haɗa ku shi ne tukunya ɗaya kuke ci. Aikin ƙaba a kan tebur ba ya wuce sa'a guda galibi, amma kafin a yi shi sai an tanadi gado, da mai ba da allurar barci, da nas biyu ko uku, da safar hannu, da takunkumin fuska, da ledar ƙarin ruwa, da tukunyar iskar oksijin a ajiye ko da numfashi zai sarƙe, da man janareto don kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Waɗannan kaya su ne dai mai annoba yake bukata, shi kuwa ba a iya ce masa ya dawo wata mai zuwa. Ɗauki misalin amai da gudawa, wadda muka fi sani a damina. Babban mutum in ta kama shi da tsanani, yakan sha ƙarin ruwa kamar lita 6 a cikin sa'o'in farko kawai. In aka kawo irinsa 30 a dare ɗaya, sai ka lissafa da kanka abin da zai rage a sito kafin gari ya waye. Ita kuwa korona oksijin take ci, kuma likitan da ya iya sa mutum barci shi ne ya fi kowa sanin yadda ake taimakon wanda numfashinsa ya gaza, don haka shi ake fara janyewa daga ɗakin tiyata. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Dattawan da ke saurarenmu ba su manta 1996 ba. A shekarar sanƙarau ya kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibi a nan Arewa, ga ƙyanda da amai da gudawa sun haɗu da shi a lokaci guda. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda ake kira IDH, ya cika ya batse, har likitocin ƙungiyar MSF suka zo daga waje suna taimako. A wannan shekara ce ma Saudiyya ta hana maniyyatan Nijeriya shiga aikin Hajji. Wanda ya ga yadda ake shigo da yara a wuya a sanƙare a lokacin ba zai tambayi dalilin da ya sa aka ce mai gwaiwa ya ɗan saurara ba. Ana ta kai, wa ke ta kaya? Haka kuma daga ƙarshen 2022 zuwa cikin 2023 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, aka keɓe ɗakuna da ma'aikata musamman saboda shi.

Yanzu sai maganar da ka yi cewa ba ka ga mai korona a garinku ba. Ina iya yarda da kai. Amma asibiti ba na garinku kaɗai ba ne. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu, 2020, kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe gari, aka yi azumi a kulle. A cikin waɗannan makonni aka yi ta binne dattawa a birni fiye da yadda aka saba, har Gwamnatin Tarayya ta turo kwamiti ya bincika, daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce sama da rabin mace-macen suna da alaƙa da korona. Ma'aikatan asibiti da yawa sun kamu, waɗanda suka yi hulɗa da su kuma aka killace su mako biyu. Asibitin da ke da likita biyu ko uku, in aka killace ɗaya, ai ka ga abin da ya rage.

Akwai kuma dalilin da ya shafe ka kai kanka, wanda na tabbata ba a faɗa maka ba. Jikin da aka yanka ba shi da ƙarfin faɗa da wata cuta. Wani bincike da likitocin fiɗa na ƙasashe da dama suka haɗu suka yi a 2020 ya nuna cewa a cikin waɗanda aka yi wa tiyata suna ɗauke da korona, kusan mutum 1 cikin 4 ya rasu kafin wata guda ya cika. Ƙabar da kake yawo da ita a lokacin ba ta kai wannan hatsari ba, ko kusa. Su ma masu aikin ransu a hannu yake. A watan Janairun wannan shekara ta 2020, kafin ma korona ta shigo, likitoci biyu sun rasu a Kano da zazzaɓin Lassa bayan tiyatar da aka yi wa wata mai ciki. Waccan tiyata ta dole ce, ba a iya ɗaga ta, shi ya sa suka shiga.

Batun "don ba ni da kowa" kuwa, bari in gaya maka abin da ya faru a Ingila, inda ake yi wa mutane aiki kyauta. Hukumar lafiyarsu ta umarci asibitoci su dakatar da duk tiyatar da ba ta gaggawa ba daga 15 ga Afrilu, 2020, har na aƙalla wata uku. Layin masu jiran magani ya yi ta tsawo har ya haura miliyan 7 a 2022. Masu bincike a Jami'ar Birmingham sun ƙiyasta cewa tiyata kusan miliyan 28 aka soke ko aka ɗaga a faɗin duniya cikin makonni 12 na tsananin cutar. Kai ɗaya ne a cikinsu, tare da Turawa da Larabawa da Indiyawa.

Sai dai ba zan wanke masu asibiti tas ba. Inda aka yi maka ba daidai ba shi ne a sallame ka ba rana, ba takarda, ba wanda ya rubuta sunanka a littafi don a neme ka. Bature in an ɗaga masa aiki sunansa yana nan a layi, wasiƙa za ta same shi a gida. Namu kuwa in ya juya baya shi ke nan, ya ɓace, mai hali ya tafi asibitin kuɗi, marar hali ya koma gona da ciwonsa. Ina kira ga shugabannin asibitocinmu da sassan lafiya na ƙananan hukumomi: duk wanda aka ɗaga wa aiki a rubuta sunansa da garinsa da lambar waya, ko tasa ko ta mai unguwarsu, in ƙura ta lafa a kira shi. Littafi ɗaya da biro ne, ba sai an jira kasafin kuɗi ba.

To amma Malam, rantsuwar nan taka ita ta fi damuna. An ce ka jira watanni, kai kuma ka mayar da shi shekaru. Ka tambayi malamai yadda ake kaffara, ka koma asibiti. Ƙaba ƙofa ce ta buɗe a bangon ciki, hanji yake leƙowa ta wurin. Ba ta rufe kanta, jiƙo ba ya rufe ta, ɗaure ƙugu da rawani ma ba ya rufe ta, ɗinki kaɗai ke rufe ta. Duk damin raken da ka ɗora a ka, ƙara faɗaɗa ta kake yi. Ranar da ake tsoro ita ce ranar da hanjin zai fito ƙofar ta shaƙe shi ya kasa komawa.

Ku kasa kunne da kyau a nan, ku da kuke da irin wannan larura da iyalanku. In kumburin ya fito ya ƙi komawa ko an kwanta, ya yi tauri, yana ciwo mai tsanani, ga amai, ciki ya kumbura, ba bayan gida ba tusa, to an fita daga kashi na uku an shiga na farko. Hanjin da aka shaƙe yana iya fara mutuwa cikin kamar sa'a 6. Kada a danna da ƙarfi, kada a kira wanzami ya tsaga, kada a ba shi abinci ko kunu, kada a ce bari gari ya waye. A nemi mota ko da tsakar dare ne, a nufi asibiti mafi kusa da ake yin tiyata. Ku mutanen Rogo kun san wani lokaci Zariya ta fi muku sauƙin isa a kan Kano, to ku bi wadda ta fi kusa. Ko ana tsakiyar annoba, ko an rufe hanya, irin wannan ba a mayar da shi gida. In kun isa ku faɗa wa na bakin ƙofa kai tsaye cewa ƙaba ce ta shaƙe, yana amai.

Shawarata game da lokaci kuwa, ka nufi asibiti da zarar an gama kaka, wajen Nuwamba ko Disamba. Lokacin akwai ɗan abin hannu, ruwa ya ɗauke, amai da gudawa ta ja baya, zafin da ke tafe da sanƙarau da ƙyanda bai kankama ba tukuna. Bayan aiki za a hana ka ɗaukar kaya masu nauyi kamar mako 6, ka ga kafin sharar gona ka warware. Mutanenmu da yawa sai Maris ko Afrilu suke tashi, su tarar da gadaje cike. Na san kai mai rake lokacin sara ke nan, amma ka bar wa yara na bana. Ka tafi da tsohon katinka in yana nan. In kuma aka sake ɗagawa, kada ka bar wurin sai ka tambayi abu uku: yaushe zan dawo, wa zan nema, wace alama ce in na gani zan taho ba jira. Kuɗin aikin kuma kada a bar su a aljihu, a sa su a tunkiya ko akuya wadda za a iya kai wa kasuwa ranar da aka kira.

Akwai wata 'yar gajeriyar wasiƙa daga Karaye, ta wata baiwar Allah mai sayar da man gyaɗa da ƙuliƙuli. Ta ce 'yarta tana da ciki, haihuwarta ta fari da tiyata aka yi, an kuma ce wannan ma a asibiti za ta haihu. Tana tsoron kada wata cuta ta ɓullo a ce an daina aiki. Hajiya, kwantar da hankalinki. Tiyatar haihuwa ba ta cikin waɗanda ake ɗagawa, ciki ba ya jiran annoba ta wuce. Abin da ya rage naku shi ne ta riƙa zuwa awo, a tanadi mutum biyu masu ba da jini tun yanzu, a yi magana da mai mota tun watan bai kama ba. In asibitin da kuka saba an mayar da shi wurin killace masu cuta, ku tambayi malamar awo inda aka koma da masu haihuwa. Da naƙuda ta fara a tafi, mai tsohon ɗinki a mahaifa ba a barinta ta yi doguwar naƙuda a gida.

Malam na Rogo, muna jiran wasiƙarka ta biyu bayan an cire zare. Lokaci ya yi mana halinsa, sauran wasiƙu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.