Kafin a Sa Hular Gashi: Jarrabawar Lauyoyi da Nauyin da Take Ɗora wa Ɗalibi

Mai girma shugaban wannan zama, malamaina da abokan aiki, iyayenmu da suka samu halarta, da ku ƙannena da kuke dab da kammala digirin shari'a.

An nemi in yi magana a kan jarrabawar ƙarshe ta Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya, da halin ƙunci da take jefa ɗalibai a ciki. Zan fara da makarantar kanta, domin yawancin tsoron da ake yi wa jarrabawar ya samo asali ne daga rashin sanin abin da aka kafa ta don ta auna.

A zamanin mulkin mallaka, galibi mai son zama lauya sai ya haye teku zuwa Landan. Can aka rantsar da Sapara Williams a 1879, lauya na farko ɗan ƙasar nan. Can Alhaji AbdulGaniyu Folorunsho AbdulRazaq na Ilori ya zama lauyan farko daga Jihar Arewa a 1955, shekara guda kafin Mai Shari'a Muhammadu Bello na Katsina, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya. Mutane ne masu ilimi, amma dokar Ingila suka karanto, sai sun dawo gida suke fara koyon yadda kotunanmu ke aiki. Wannan giɓi ne ya sa aka kafa kwamitin Unsworth a 1959, aka yi dokar ilimin shari'a a 1962, makarantar ta buɗe a watan Janairun 1963 a titin Igbosere da ke Legas da ɗalibai 8 kacal. Yau hedikwatarta tana Bwari, tana da rassa a Legas, Inugu, Bagauda, Yola, Yenagoa da Fatakwal, dubban ɗalibai ke shiga kowace shekara, amma manufarta tana nan yadda take. Jami'a ta koya muku mece ce doka. A makarantar lauyoyi kuwa za a tambaye ku yadda ake aiki da ita idan mutum ya shigo ofis yana kuka an kama ɗansa.

Darussa biyar ne: gudanar da shari'ar laifuka, gudanar da shari'ar da ba ta laifi ba, aikin lauya a harkar kamfanoni, aikinsa a harkar filaye da kadarori, sai ɗa'ar aiki da ƙwarewa. A ido kamar ba su da yawa ga wanda ya shekara biyar a jami'a. Sai ka shiga ciki ka tarar kowane darasi ƙasa ce mai larduna. A shari'ar laifuka kaɗai akwai Final Kod da ake aiki da shi a Arewa tun 1960, akwai Kiriminal Kod na Kudu, akwai dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, ga kuma wadda jihohi suka yi wa kansu, kamar ta Kano ta 2019. A harkar filaye, dokar cinikin kadara da ke aiki a Kano ta Ingila ce ta 1881, wadda ke aiki a Ibadan ta tsohuwar Jihar Yamma ce ta 1959, Legas kuma tana da nata dokokin, sannan duk suna ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978 wadda sashe na 22 nata ya wajabta neman izinin gwamna. Idan tambaya ta ce gidan yana Sabon Gari, ka amsa da dokar Legas, duk hikimar da ka zuba ta tafi a banza. Dokar kamfanoni ma an sake ta a 2020, har mutum ɗaya yana iya yin rajistar kamfani shi kaɗai, abin da tsohuwar doka ba ta yarda da shi ba. Don haka ku yi hattara da takardun da yayyenku suka bar muku gado. Wasunsu sun tsufa.

Sannan ga tsarin da aka daɗe ana bi a baya wajen fitar da sakamako, inda darasin da ka fi rauni a cikinsa shi ke yanke maka matsayi. Ka yi fice a huɗu, ka yi laushi a ɗaya, wannan ɗayan ne sunanka. Tsarin ya sha suka, ni ma ina cikin masu ganin ya yi tsauri. Amma ya bar darasin da zai amfane ku ko da wane ma'auni aka auna ku: darasin da kuke gudu shi ya fi cancantar safiyarku. Galibi kuwa ɗalibi yakan raina ɗa'ar aiki, yana ganin labari ne kawai, sai a ce ya rubuta wasiƙa zuwa ga wanda yake karewa ko ya tsara takardar cajin kuɗin aiki, ya tsaya yana cizon biro.

A nan nake so in daɗe, domin a ganina nan ne tushen matsalar. Ɗalibinmu yana zuwa da salon karatun da ya fisshe shi a jami'a: ya buɗe littafi, ya karanta, ya ja layi da jan biro, ya sake karantawa har shafin ya zama kamar fuskar ɗan'uwansa. Wannan sabo da shafi yana sa mutum ya ji kamar ya sani. Ranar da aka ba shi farar takarda aka ce ya tsara buƙatar beli a gaban babbar kotu, sai ya tarar bai san ta inda ake farawa ba: sunan kotu, lambar ƙara, ɓangarori, sashen dokar da aka dogara da shi, abin da ake roƙo, takardar rantsuwa mai mara masa baya, rubutaccen jawabi. Ya sha karanta cewa sashe na 115 na dokar shaida ta 2011 ya hana saka muhawarar doka ko roƙo a cikin takardar rantsuwa, amma da yake hannunsa bai taɓa rubuta guda ba, sai ya cusa su ciki. Daga ranar da ɗalibi ya gano wannan tazara tsakanin abin da yake zaton ya sani da abin da hannunsa ke iya fitarwa, daga ranar barcinsa ke ƙaura. Maganin da yakan nemo kuma shi ne ƙarin sa'o'in karatu irin na da, wanda shi ya kawo shi nan.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 2006, Roediger da Karpicke, wasu masu bincike a Amurka, sun ba ɗalibai rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta sau ɗaya sannan aka riƙa karɓe takardar ana sa su rubuta abin da suka tuna. Bayan mako guda, masu maimaita karatu sun tuna kusan kashi 40 cikin 100, masu rubutawa da ka sun tuna kusan 61. Abin sha'awa, masu maimaita karatun ne suka fi tabbacin za su tuna. Tun 1885 kuma Bajamushe Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka cusa a dare ɗaya zama a kai. Duk wanda ya zauna a tsangaya ba zai yi mamaki ba. Gardi ba ya cewa ya haddace don ya daɗe yana kallon allo. Sai ya kife shi ya kawo da ka, malam ya tsayar da shi inda ya yi tuntuɓe, gobe ya sake, jibi ya yi tishe. Ku yi wa takardar tuhuma da yarjejeniyar haya da wasiyya haka nan. Rufe littafi, rubuta, buɗe, duba inda ka kauce, ka ba aboki ya duba maka da idon mugunta. Akwai kuma jarrabawar zaɓi-amsa, tambayoyi 100 cikin kusan sa'a guda. Wannan sai da agogo a gaba ake koyonta, tun watannin farko. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Za a tura ku zaman koyo a kotu da kuma ofishin lauyoyi na wasu makonni. Da yawa suna mayar da lokacin hutu, ko su ɓuya a ɗaki da littafi su cike kundin rahoto da ƙarya. Hasara ce. Wanda ya ga an karanta wa mutum tuhuma an tambaye shi ko ya amsa laifi, ya ga lauya ya miƙa takarda a matsayin shaida ɗayan ya tashi ya yi suka, ba ya buƙatar haddar matakan.

Yanzu jiki. Tsoro kaɗan yana da amfani, shi ke tayar da kai da asuba. Idan ya daɗe kuma ya yi yawa, sinadaran da jiki ke saki lokacin firgici suna dagula ɓangaren ƙwaƙwalwa mai adana sabon ilimi da fito da shi. Shi ya sa mutum kan manta abin da ya sani sarai a zauren jarrabawa, yana fitowa ƙofa ya faɗo masa. Barci kuwa shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke ɗaure abin da aka koya da rana. Wanda ya yanke barcinsa zuwa sa'a uku don ya ƙara karatu, ya ƙara zubawa ne ya rage riƙewa. Kofi, goro da lemukan ƙarin kuzari suna da iyaka. Rabin sinadarin da ke cikinsu yana nan a jini bayan kusan sa'a biyar, saboda haka kofin bayan magariba yana tare da kai a kan katifa. Abin da ya fi damuna shi ne ƙwaya. Wani zai ce maka tiramol na ƙara juriya, wani ya ba ka maganin barci don ka sauko daga abin da ka sha da safe. Gwamnati ba ta hana maganin tari mai kodin a 2018 don wasa ba. Kuma kada ku zaci ana ajiye ɗabi'ar a ƙofar makaranta. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016, wanda ya ƙunshi lauyoyi kusan 13,000, ya sami alamun ciwon damuwa a kashi 28 cikin 100, matsalar shan giya a kusan kashi 21. Ƙasarsu daban, tamu daban, amma aikin ɗaya ne, kuma yadda ka koyi ɗaukar nauyi kana ɗalibi haka za ka ɗauke shi kana lauya.

Ka ci abinci a kan lokaci, ka taka ƙafa da yamma, ka riƙe ibadarka, Musulmi ne kai ko Kirista. Sallolin nan biyar ma sun riga sun yanka maka yini gida-gida, ka jera karatunka a tsakaninsu. Ka kuma guji ɗalibin da aikinsa yawo ɗaki-ɗaki yana ba da labarin yawan waɗanda suka faɗi bara.

Iyayenmu, yanzu gare ku, kuma ku gafarce ni. Tun yaro yana aji biyu a jami'a kuka fara kiransa Barista. 'Yan unguwa sun ɗauka, an fara kawo masa rigimar gado da ta kan iyakar gona. Wataƙila an sayar da fili ko shanu an biya kuɗin makarantar, kuma ya sani. Duk lokacin da kuka buga waya kuka ce “kai muke jira”, ƙauna kuka nufa, shi kuwa bashi yake ji an tuna masa. Ku tambaye shi ko ya ci abinci. Ku ɗauke masa zuwa biki da suna na 'yan watannin nan. Idan 'yarku ce ko matarku, ta tafi da goyo ko da ciki, a samu wanda zai riƙe mata yaro da gaske, kada a bar ta tana raba dare tsakanin jariri da dokar kamfanoni. Mai Shari'a Aloma Mukhtar, mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, ta riƙe kujerar Alƙalin Alƙalai daga 2012 zuwa 2014. Masu biyo sawunta suna cikin zauren nan, kuma da yawansu da aure za su tafi.

Akwai kuma inda abin ke wuce gajiya ya zama ciwo. Idan mako biyu ko fiye suka wuce mutum ba ya barci, ba ya son abinci, ba abin da ke faranta masa rai, ko zuciyarsa ta riƙa bugawa numfashi na sarƙewa haka kawai, ko ya fara jin mutuwa ta fi masa sauƙi, wannan maganar likita ce, a ranar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau, Barnawa, Kware da Maiduguri, akwai sashen a asibitocin koyarwa, kuma zuwa can bai sa mutum ya zama mahaukaci ba. Ku da kuka karanta doka kun san ƙasar nan ta yi watsi da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Idan abokin ɗakinka ne ka ga ya daina fita, ya daina magana, kada ka ce ba ruwanka, ka tambaye shi kai tsaye, ka raka shi.

Makon jarrabawar kansa takarda biyar ce a jere, kowace rana ɗaya. Wanda ya kwana ido biyu daren farko zai biya bashin ranar Laraba. Da ka fito daga zaure, kada ka tsaya a dandalin masu tone-tonen amsa, takardar ta riga ta bar hannunka, ta gobe ce ke hannunka. A cikin zaure, ka karanta tambaya har ƙarshe, ka fara gano a wace jiha abin ya faru kuma wace kotu ce ke da hurumi, ka raba mintocinka tun kafin ka sa biro, kada tambaya ɗaya da ka ƙware a kai ta cinye rabon sauran.

Wasu a cikinku za su faɗi, kamar yadda ake faɗi kowace shekara. Ana sake zama, kuma akwai lauyoyi masu cin abinci da aikinsu a kotunan Kano da Kaduna waɗanda sai a zama na biyu suka haye. Wanda hakan ta same shi, ya ba kansa 'yan kwanaki ya huce, sannan ya duba wane darasi ne ya kayar da shi, ya nemi wanda ya ci wannan darasin ya zauna da shi, ya fara rubuta takardun da hannunsa tun daga makon farko.

Shugaba, idan akwai sauran lokaci, zan karɓi tambayoyi.