Wuƙar aljihu: kowane baki da aikinsa

Bayanin yau a kan wuƙar aljihu ne, wadda ake naɗewa a sa cikin riga.

Wuƙaƙen nan da ake gani a kasuwanni daga nesa suke zuwa. Opinel daga Faransa take, an fara ƙera ta a 1890. Douk-Douk ma daga Faransa take, daga garin Tiyar, tun 1929. Okapi an fara ta a Jamus a 1902, amma tun 1988 a Afirka ta Kudu ake yin ta. Mai saye yakan dubi suna da kyan ƙota. Abin da ya fi kamata ya duba shi ne siffar bakin wuƙar. Baki iri huɗu ne suka fi amfani ga mutumin ƙauye.

1. Mai tsini

Bayanta a zaftare yake wajen ƙarshe, kanta siriri. Ita ce ta huda. Da ita ake huda fata a sa igiya, a warware ɗinkin buhu, a cire ruɓa daga dankali ko rogo. Amma tsini ba shi da ƙarfi. Wanda ya ɓamɓare murfin gwangwani da shi, zai karye shi. Kuma in ana huda abu mai tauri, wuƙar tana iya rufewa bisa yatsa. Don haka aka sa wa Opinel zobe a wuya tun 1955. In an juya zoben, ba ta rufewa.

2. Mai tumbi

Kaifinta ya lanƙwasa sama, kanta a dunƙule. Ita ce ta fiɗa. Tumbin yana bi tsakanin nama da fata, ba ya huda ta.

A nan ne kuɗi suke. Fatar jar akuyar Maradi ta yi suna har ƙasashen waje, don laushinta da ƙarfinta. Amma mai sayen fata yana ɗaga ta sama ya duba. In ya ga huji ko sawun wuƙa, sai ya rage kuɗi. Akuyar da aka yi shekara biyu ana kiwo, tsini guda yana ɓata fatarta. Mai fiɗa ya tsaga da wuƙa, sauran aikin ya yi da dunƙulen hannu. In dole ne ya sa wuƙa, ya sa mai tumbi.

A Amurka makiyayan shanu suna da wuƙa mai baki uku a ƙota guda: mai tsini, mai miƙaƙƙen kaifi, da ƙaramin baki mai dunƙulallen kai na fiɗiyar maruƙa. Amma makiyayi ya fi samun kwanciyar hankali in ya kai dabbarsa wurin malamin dabbobi. Shi yana da matsi na ƙarfe da yake dandaƙa da shi, ba jini, ba ƙuda.

3. Mai miƙaƙƙen kaifi

Kaifinta a miƙe yake kamar tsinke, bayanta ne ya sauko ya same shi. Turawa suna ce mata ƙafar tunkiya. Ba ta da tsinin da zai soki mutum ko dabba. Tana yanka a miƙe, ba karkata. Da ita ake yanke igiya, a tsaga fata don linzami ko takalmi, a rage kofaton tunkiya in ya yi tsawo.

Mai lambu ma irinta yake so wajen auren mangwaro da lemu. Sai an yanka reshen sumul, ya zauna daidai bisa uwar, sannan auren yake kamawa. In yankan ya yi tudu da kwari, reshen bushewa yake, an yi asarar shekara.

4. Mai ƙugiya

Ta yi kama da ƙaramin lauje. A Faransa masu gonar inabi ne suka saba da ita. Ana rataya ta ga reshe a jawo, ba ta zamewa. Tana da amfani wajen ɗiban kuɓewa da yalo. Tana da amfani kuma ga sassaben zamani, wanda ya bazu daga jihar Maradi tun wajen 1984. Manomi yana barin tohon gawo ko kalgo mafi ƙarfi, ya datse ƙananan. Yanka mai tsabta yana warkewa da sauri. Reshen da aka fizge da hannu yana sale ɓawon itace.

Kulawa

A wasa kowace wuƙa bisa siffarta. In an wasa miƙaƙƙiya har ta yi tumbi, ta bar aikinta. Bayan fiɗa a wanke ta da sabulu, a shanya, a shafa ɗan man gyaɗa don tsatsa. Wanda ya yanke, ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu. In ya yi zurfi ya je likita, don akwai allurar rigakafin tetanos.

Ba kowa ke iya sayen wuƙa huɗu ba. Sai mutum ya dubi aikin da ya fi yi, ya zaɓi bakin da ya dace. Maƙerin gari ma yana iya ƙera kowace siffa in an zana masa a ƙasa.

Tambayoyi don tattaunawa a cibiya:
Wace wuƙa ake fiɗa da ita a garinku?
Nawa mai sayen fata yake ragewa in ya ga huji?