Tsawon Ran Motar Lantarki a Ƙasar Gobir



Direban da ke jigila tsakanin Sabon Birni da Isa tambaya biyu yake yi wa kowace mota: shekara nawa za ta yi, kuma wa zai gyara ta? Da wannan ma'auni aka auna Fijo 504, wadda aka soma haɗawa a Kaduna a 1975, ta kuwa yi ƙarko. Da shi za mu auna motar lantarki, wadda janye tallafin fetur a 2023 ya sa ake ta zancenta.

Ta fuskar inji lalle tana da fifiko, gama ba ta bukatar juyen baƙin mai, ba filogi, ba salansa. Amma ranta yana cikin batir, shi kuwa batir zafi ke tsufar da shi. Masu ƙera ta galibi sukan lamunci batir na shekara 8, ko tafiyar kilomita 160,000. A 2012, masu motar Nissan Leaf a Arizona ta Amurka suka koka cewa ƙarfin batirinsu ya ragu da wuri, domin ba a yi masa hanyar sanyaya shi da ruwa ba. To, mu da zafinmu kan haura digiri 40 da bazara, wannan gargaɗi namu ne.

Sai batun caji. A 2021 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. Mafari ne mai kyau, sai dai Sakkwato da nisa take daga Isa, kuma a hanyar da 'yan bindiga suka addaba, mutuwar mota a daji zancen rai ne.

Saboda haka motar da za ta yi ƙarko a Gobir sai an cika mata sharaɗi uku, watau batir mai na'urar sanyayawa, da rumfunan caji na hasken rana a garuruwan kasuwa, da kanikawa 'yan ƙasa waɗanda aka horar. Horon nan kuwa nauyi ne a wuyan jami'o'inmu da makarantun sana'a. Da ma an ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.