Kirarin Mai Aradu: Daga Gaɓar Kwara Zuwa Banaras

 

Tambayata a yau ita ce: me ya sa ɗan Adam ke yi wa abin da yake tsoro kirari? Nan Bagudo wuri ne da ya dace da wannan tambaya. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bar Illo a hannun Ingilishi, Gaya da yankin Malanbil suka kasance na Faransa, amma kogin Kwara bai daina haɗa Dandawa da Zabarmawa da Sarkawa da Hausawa ba, har da tsoffin al'adunsu.

A bautar iskoki ta Zabarma da Dendi, babu wanda ake shakka kamar Dongo, mai aradu. Masu kirarinsa su ne Sorko, wato Sarkawa, masuntan da ke danganta kansu da Faran Maka Bote. Idan bazara ta tsananta, sai a yi bikin Yenandi. A girke tukunyar ƙasa mai suna hampi, mai goge ya ja, masu ƙwarya su amsa, Sorko ya miƙe yana jero asalin Dongo: uwarsa Harakoi Dikko mai kogi, da 'yan'uwansa, da ɓarnar da ya taɓa yi. Idan Dongo ya hau dokinsa, wato mutumin da yake shiga, sai a tambaye shi laifin gari da abin da za a biya don a samu damina. Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki wannan biki a fim a Simiri cikin 1951.

A Indiya ma haka abin yake. Mabiya addinin Hindu a Banaras suna ɗaukar Kala Bairaba, siffar fushi ta abin bautarsu Shiba, mai tafiya da kare, a matsayin dogarin birnin. Suna rera masa waƙa mai baiti 8 da ake jingina wa malaminsu Adi Shankara.

Ku lura, jama'a: a wuraren biyu ba a ɓoye muguntar wanda ake yabo, ita ce ma jigon yabon. Ana lissafa ƙarfinsa don a lallashe shi, kuma don ɓarawo da maƙaryacin da ke cikin taron su ji. Shi ya sa Bahaushe ya daɗe yana rantsuwa da aradu da kwarankwatsa, kuma mai gaskiya ne kaɗai ke yi ba gardaba.

Jihadin Shehu Usmanu na 1804 ya yaƙi irin wannan bauta, kuma Musulunci ya hana rantsuwa da wanin Allah. Nazari kuwa ba bi ba ne. Cikin waɗannan kirare-kirare akwai tarihin dangi da ƙaura da shari'ar mutanen kogi. Ina kira ga ɗalibanmu na Hausa da tarihi su zauna da dattawan Sarkawa su rubuta abin da suka sani, tun suna raye.