Sanin Sunan Shuka Kafin A Kai Ta Gida

Jawabi ga magidantan Ƙofar Atiku, Sakkwato

Mutane da yawa sukan sayo furanni cikin tukwane don ƙawata tsakar gida, ba su ko tambayi sunansu ba. Wannan sakaci ne, gama wata shukar kyanta a ido kaɗai yake. Ga misali kariya. Gindinta kumburarre ne kamar tulu, rassanta gajeru, furenta ja-ja. Ruwan da ke fita in an karya reshenta dafi ne, har maharba a dā sukan shafa shi ga kibiya. In yaro ko akuya suka tauna ta, ana iya hasarar rai.

Wanda ya sami shuka ba suna, sai ya duba abu uku: ganye, da ruwan jikinta, da fure. Fure shi ne babban shaida, saboda haka a yi haƙuri har ta fid da shi. Kada a ɗanɗana ko kaɗan. Sunan da mai sayarwa ya faɗa kuwa ba kullum yake isa ba. Likita Dalziel, wanda ya tara sunayen itatuwa na Hausa cikin littafi a 1916, ya nuna suna ɗaya yakan hau tsiro biyu ko uku.

In an yi shakka, a yanki reshe da furensa, a wanke hannu da sabulu, sa'an nan a kai wa malamin daji ko masanan tsirrai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kafin amsa ta zo, lalle a ɗora tukunyar inda hannun yara ba ya kai.