Zuciya a Hannun Ma'aikacin Jinya: Ilmin da Ɗakin Kulawa ta Musamman Yake Bukata



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa shi ne ilmin zuciya wanda ya wajaba ma'aikacin jinya ya mallaka kafin a ba shi takardar shaidar ƙwarewa ta aiki a ɗakin kulawa ta musamman, watau ɗakin nan da ake kwantar da majinyacin da ransa ke tsakanin tafiya da tsayawa. Wataƙila wani ma'aikacin ofis ya ce wannan zance na 'yan asibiti ne, ina ruwansa. Amsa ita ce, kuɗin da ake sayen na'ura da shi, da izinin tafiya karatu, da canjin wurin aiki, duk ta teburinsa suke bi. Kuma gadon nan ba ya tambayar muƙamin wanda aka kwantar a kansa.

Bari mu fara da ita zuciyar kanta. Tsoka ce mai girman dunƙulen hannu, mai ɗaki huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, da ƙyamare huɗu masu hana jini komawa baya. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu domin ya ɗauko iskar oksijin, ɓangaren hagu kuma ya watsa shi ga dukan jiki. Wannan zagaye ta huhu, malamin likitancin nan na ƙasar Masar, Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a 1288, ya bayyana shi, sa'an nan William Harvey na Ingila ya kammala bayanin zagayen jini a 1628. Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, kowane bugu yana fitar da kimanin mililita 70, watau kusan lita 5 a minti ɗaya. Daga nan ɗalibi zai fahimci ƙa'idar farko: yawan jinin da ke isa ga gaɓoɓi ya dogara ga yawan bugu da kuma abin da kowane bugu ya fitar. In zuciya ta raunana, sai ta ƙara sauri domin ta cike giɓi. Saboda haka saurin bugu sau da yawa shi ne kukan farko da jiki yake yi, tun kafin awon jini ya faɗi.

Shi wannan ɗaki na kulawa ta musamman ba daɗaɗɗen abu ba ne. Ya samo asali daga annobar shan inna da ta auku a birnin Kwafanhegan na ƙasar Danmak a 1952, inda likita Bjorn Ibsen ya sa ɗaliban likitanci suka riƙa matsa jakar iska da hannu dare da rana domin majinyata su yi numfashi. A 1960 masana a Asibitin Johns Hopkins na Amurka suka nuna cewa danna ƙirji daga waje yana iya riƙe zagayen jini bayan zuciya ta tsaya. A 1962 aka fara buɗe ɗakuna na masu ciwon zuciya kaɗai. Abin lura a nan shi ne, waɗannan ɗakuna sun rage mace-mace ƙwarai a lokacin da aka koya wa ma'aikatan jinya karanta zanen bugun zuciya, aka kuma ba su ikon amfani da na'urar girgiza zuciya ba tare da jiran likita ba. A ƙasarmu kuwa, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu aka yi aikin buɗe zuciya na farko a 1974, kuma Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, ita ce ke kula da karatun ƙwarewa da ba da shaidarsa.

To, wace irin cutar zuciya ce ma'aikacinmu zai tarar a Daura, ko a ce an kawo masa daga Baure, Zango, Sandamu ko Mai'aduwa? Littattafan da yake karantawa, galibinsu an rubuta su ne a Turai da Amurka, inda toshewar jijiyoyin zuciya ta fi yawa. Wannan cuta tana nan a wurinmu, tana kuma ƙaruwa tare da ciwon sukari da ƙiba, amma akwai guda uku da suka fi cika mana gadaje.

Ta farko ita ce hawan jini, watau awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya haura. Mutum yakan ɗauke shi shekaru bai sani ba, har tsokar zuciya ta yi kauri, daga baya ta saki, ko kuwa ya shanye masa ɓarin jiki, ko ya lalata ƙoda. Ta biyu ita ce lalacewar ƙyamaren zuciya wadda ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta da aka yi wa sakaci a lokacin ƙuruciya. Allurar fenisilin duk mako uku ko huɗu tana tsare yaron da ya kamu daga ƙarin lalacewa, amma in an makara, sai aikin tiyata mai tsada.

Ta uku ita ce wadda nake so mu daɗe a kanta, domin tamu ce ta gida: raunin zuciya na jego. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, bayan 'yan makonni ko watanni sai ƙafa ta kumbura, tari ya kama ta da dare, ba ta iya kwanciya sai a jingine, numfashi yana yi mata wuya ko da tafiya zuwa bakin randa. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo a Zariya, suka buga sakamakonsu a 1978. Sun danganta ciwon da wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Dalilinsu mai ma'ana ne, gama kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, shi kuwa yana tara ruwa a jiki ya ƙara wa zuciya kaya. Sai dai bincike bai tsaya nan ba. A Yamai a 1992, da kuma Kano a 2015, an tarar da ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata. Babban binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Nijeriya, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa talauci, da ramar jiki, da rashin karatu, da hawan jini na lokacin ciki, su ne suka fi tafiya tare da ciwon. A Kano da Sakkwato an sami kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100 a asibitocin da aka yi nazari, adadin da yake cikin mafi yawa a duniya. Darasin da ke nan ga ma'aikacin jinya shi ne, kada ya tsaya ga zargin al'ada ya sallami mai jego da faɗa. Ya hana ta kanwa da gishiri, ya kuma dubi abincinta, da awon jininta, da shawarar tazarar haihuwa, domin sabon ciki a kan zuciyar da ba ta warke ba yana iya zama ajali.

Yanzu sai mu zo ga abin da mai jarrabawa zai nema, wanda kuma shi ne majinyaci yake nema. Na kasa shi gida huɗu.

Na ɗaya, ido da hannu. Kafin na'ura ta yi ƙara, jiki ya riga ya yi magana: jijiyar wuya ta cika, tafin hannu ya yi sanyi, majinyaci ya fara ruɗewa, ana jin ƙarar ruwa a gindin huhu. Fitsari kuma shaida ne mai gaskiya. In ya gaza rabin mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a awa ɗaya, to jini ba ya isa ƙoda yadda ya kamata. Auna nauyi kowace safiya, da rubuta ruwan da ya shiga da wanda ya fita, aiki ne da ake rainawa, alhali shi ke gaya wa likita ko magani yana ci.

Na biyu, karanta zanen bugun zuciya, wanda Willem Einthoven na ƙasar Holan ya ƙago na'urarsa a farkon ƙarni na 20. Dole ma'aikaci ya bambance bugu na daidai da wanda ya rikice, ya gane alamar toshewar jijiya, ya kuma san cewa tsayawar zuciya iri biyu ce. Akwai wadda zuciya ke karkarwa ba ta turo jini, wannan girgizar lantarki ce maganinta, nan take. Akwai kuma wadda zanen ya miƙe sambal, wannan girgiza ba ta yi mata amfani, sai danna ƙirji da allurar adrenalin.

Na uku, magunguna. Firusemid yana fitar da ruwa, amma yana tafiya da sinadarin fotasiyam, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 3.5 da 5.0 a awon jini. In fotasiyam ya yi ƙasa ga mai shan digoksin, maganin sai ya koma guba: amai, gani ya canja, bugu ya rikice. Shi ya sa ake ƙirga bugun zuciya na cikakken minti ɗaya kafin a ba da shi, in ya gaza 60 a dakata a sanar da likita. Haka nan ruwan ƙari, wanda jama'armu ke ɗauka maganin kowace cuta, yana iya nutsar da huhun mai raunin zuciya cikin 'yan sa'o'i.

Na huɗu, farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 ba jini. Ana danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, danna 30 hura iska 2. Tsakanin Daura da Katsina akwai kimanin kilomita 80, Kano kuwa ta fi haka nisa. Wanda zuciyarsa ta tsaya a nan ba zai ga Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano ba, sai in wanda ke tsaye a kansa ya san abin yi.

Wannan ya kawo ni ga 'yan'uwana ma'aikatan gwamnati. Daura ta sami ci gaba ta fuskar gine-ginen lafiya, ga asibitin Rundunar Sojan Sama da aka buɗe a 2019, ga kuma Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Amma Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na'urar lura da bugun zuciya ba ta da amfani in wuta ta ɗauke babu janareta, ko tukunyar oksijin ta ƙare da tsakar dare, ko an bar ma'aikaciya ɗaya da gadaje shida, alhali ƙa'idar wannan ɗaki ita ce ma'aikaci ɗaya ga majinyaci ɗaya ko biyu. Ina roƙon abu uku: a riƙa sakin ma'aikata su tafi karatun ƙwarewa da albashinsu; wanda ya dawo da shaidarsa a bar shi a ɗakin da ya karanta, kada a mai da shi rubuta kati; kuma duk na'urar da za a saya, a sa kuɗin gyaranta da na koyar da ita cikin kasafi tun ran gini.

Ku kuma ɗalibai, takardar shaida tana buɗe muku ƙofar ɗaki ne kurum. Abin da kuka haddace domin jarrabawa za a sake tambayarku shi da ƙarfe uku na dare, ba littafi a hannu, likita yana can wani ɗaki, mai jego tana haki a gabanku, mijinta da uwarta suna bakin ƙofa. Ku yi karatunku da wannan dare a zuciya, ku riƙa sabunta ilminku domin ƙa'idojin suna canjawa, kuma ku koyar da na ƙasa da ku, har masu shara da direbobin motar asibiti su iya danna ƙirji.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a hannun masu jinyarsu.