Naman Rago da Mai Ciwon Ƙoda

Ga Babbar Salla ta ƙarato, shi ya sa na zo da magana a kan naman layya.

Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fid da dattin da nama ke bari a jiki. Idan ta raunana, galibi saboda hawan jini ko ciwon sukari, sai dattin nan ya taru. Ba a hana mai wannan ciwo naman rago ba, amma da awo. Mai nauyin kilo 60 wanda ba a fara yi masa wankin ƙoda ba, abin gina jiki da ya kamace shi a yini bai wuce giram 48 ba, alhali giram 100 na dafaffen nama yana ɗauke da wajen 25. Watau yanka ɗaya kamar tafin hannu ya ishe shi.

A ba shi tsoka, a dafa, a zubar da romon. Ya guji hanta, da kilishi, da yawan gishiri, da kanwa. Wanda ake yi wa wankin ƙoda kuwa, bukatarsa ta fi haka, sai ya bi awon likitansa.

Ku sanar da dagatai da masu unguwa, kada kara ta sa a cusa wa majiyyaci abin da zai kwantar da shi.